Buhu Uku Da Rabi

Ina gaida mutanen Tsamaye da Unguwar Lalle. Ina gaida na Sabon Birni da Gatawa, da na Isa da Turba. Ina kuma gaida 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, na Madawa da Gidan Rumji da Tsibiri, in dai muryarmu tana isa gare ku. Sharhinmu na yau a kan mota ne. Amma ba irin motocin da ake share wa hanya da jiniya ba. 'Yan ƙananan motocin nan na Japan nake nufi, irin su Hijet da Suzuki Carry, waɗanda mutanen Kano ke ce wa kurkura. Kun san su. Ba su da hanci. Tayoyinsu ƙanana ne. Direba a kan injinsa yake zaune. Mai buɗaɗɗen bodi tana ɗaukar buhuna, mai rufi tana ɗaukar fasinja. Wasu na raina su, suna cewa ai abin wasan yara ne. Wasu kuma sun ɗauke su kamar babbar motar kayan nan Kanta, suna jibga musu duk abin da ya samu. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun kuskure. Maganata ɗaya ce, kuma zan maimaita ta har ku gaji da ji. Ƙarfin motar nan yana cikin rashin nauyinta. Wanda ya kiyaye mata wannan, ya sami abin hawa daidai aljihunsa. Wanda ya danne ta da kaya, ya kashe dalilin da ya sa ya saye ta.

To, bari mu fara da asalinta. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta tashi a ragargaje. Ƙarfe ya yi wuya, mai ya yi wuya, kuɗi babu. Talaka iyakarsa keke. Mai ɗan hali ya sayi babur. A shekarar 1949 gwamnatin ƙasar ta ware wani rukuni na ƙananan motoci, wanda suke kira kei. Ta yanka wa kamfanoni iyakar tsawo, da iyakar faɗi, da iyakar girman inji. Duk motar da ta tsaya cikin wannan iyaka, mai ita zai sami sauƙin haraji da na inshora. Da farko injin bai wuce na babur ba. A hankali aka riƙa ɗaga iyakar. A 1958 aka fito da Subaru 360, wadda ma'aikacin albashi ya fara iya saye ya ɗauki iyalinsa. Hijet ta biyo baya a 1960, Carry kuma a shekarar da ta bi ta. Wato sunayen nan da muke gani a bayan motocin tasha sun haura shekara sittin ana ƙera su. Dokar da ake bi yanzu ta zauna ne tun 1998. Tsawo kada ya wuce mita 3.4. Faɗi bai kai mita ɗaya da rabi ba. Inji kuma si-si 660. Don ku gane girman, babur ɗin Boxer na 'yan acaɓa si-si 100 ne. Injin Golf ɗin da ke jigila tsakanin Sakkwato da Sabon Birni kuwa ya ninka na kurkura wajen sau biyu da rabi, ko ma fiye. A can, rawayar lamba ake manna wa irin waɗannan motoci, don a gane su tun daga nesa.

Ku lura da wani abu a nan. Mutanen da suka ƙera Land Cruiser da Hilux suka sayar wa duniya, su ne suke hawan waɗannan. Sama da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake saye a Japan 'yan ƙananan nan ne. Wata mai suna Honda N-Box ta sha zama motar da aka fi saye a ƙasar baki ɗaya. Ba talauci ne ya sa su ba, don yau Japan tana cikin ƙasashe masu arziki. Lissafi ne ya sa su. Sun auna tafiyar da suke yi kullum, suka auna kuɗin mai da na haraji, suka ga babu dalilin jan ƙarfe tan biyu don kai mutum ɗaya kasuwa.

Yanzu mu juya ga tambayar da samari suka fi so. Shin wannan ɗan injin mai filogi uku yana da wani ƙarfi? Yana da shi, kuma labarin yana da daɗin ji. A 1987 kamfanin Suzuki ya fito da wata mai suna Alto Works, ya sa mata turbo, ta kai ƙarfin doki 64. Sai hukuma ta ga tsere na neman ɓarkewa tsakanin kamfanoni. Aka yi yarjejeniya cewa a tsaya a nan, kada kowa ya wuce 64. Har yau a kan wannan ake. To, in an ɗaure ka a inji, an ɗaure ka a ƙarfi, ina za ka nemo gudu? Sai injiniyoyinsu suka koma kan nauyi. Suka yi ta sassaƙe ƙarfe, suna rage duk abin da ba dole ba. A farkon shekarun 1990 suka fito da motocin tsere uku masu kujera biyu. Honda Beat, da Suzuki Cappuccino, da Autozam AZ-1. Babu wadda ta kai kilo 800 a cikinsu. Ita Beat ko turbo ba ta da shi, amma injinta na juyi sama da dubu takwas a minti ɗaya. Masu sha'awar tuƙi a Turai da Amurka har yau suna nemansu ruwa a jallo. Wani kamfanin Ingila mai suna Caterham ya ɗauki injin Suzuki na si-si 660, ya ɗan buɗe shi zuwa doki 80, ya ɗora a motar da ba ta kai rabin tan ba. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 tana yinsa cikin daƙiƙa bakwai ko makamancin haka. Manyan motoci da yawa ba su iya wannan. Kun ga inda asirin yake. Ba injin ne ya girma ba. Abin da injin ke ja ne ya ragu.

Na san wani zai ce, malam, mu a Gobir ina ruwanmu da tsere? Gaskiyarka. Ba mu da filin tsere, ba mu ma da kwaltar da za a yi shi a kai. Na kawo labarin ne don ƙa'idar ɗaya ce. Abin da ya sa Beat gudu shi ne yake sa kurkura tattalin mai. Shi ne yake sa ta ratsa yashi. Shi ne yake sa birkinta ya kama. Kurkurar kaya in babu kowa a ciki nauyinta kilo 700 ne zuwa 800. Hilux ta kusa tan biyu tun ba a ɗora mata komai ba. Injin kurkurar kaya yawanci ba shi da turbo, ƙarfinsa wajen doki hamsin ne. Amma hamsin ɗin sun ishe ta, muddin an bar ta a yadda aka yi ta. A gwajin kamfani, sabuwa tana wuce kilomita 15 da lita ɗaya. Tsohuwa a hanyarmu ba za ta kai haka ba, amma duk da haka ba za ka haɗa shanta da na babbar mota ba.

Mu dawo gida ke nan, mu dubi halin da muke ciki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki. Daga baya ta wuce dubu. Mu nan kan iyaka, inda gidajen mai da yawa suka daɗe a rufe, farashin 'yan bumburutu ya fi na gidan mai zafi. Tun daga ranar lissafin kowane direba ya canja. A ɗaya gefen kuma, ku dubi manomin fadamar Rima. Ya cire albasa, ya tsinke tattasai, ya yanke shinkafa. Da can amalanke ke fito masa da su. Yau shanun huɗa da na amalanke nawa ɓarayin daji suka kora? Wanda nasa suka tsira ma tsoron fita da su yake yi. Babur yana ɗaukar buhu ɗaya, in an matsa biyu, shi ma da addu'a. Kanta kuwa ba za ta baro tasha ta shigo lungun gona saboda buhu huɗu ba. Tsakanin babur da Kanta akwai giɓi babba. Wannan giɓin shi ne gurbin kurkura. Tana shiga burtali. Tana juyawa a ƙofar gida ba tare da ta yi ribas sau uku ba. Gefen bodinta uku duk suna sauka, ɗan dako ya ɗora buhu ba tare da ya ɗaga shi sama da ƙirjinsa ba. In mace ta fara naƙuda da dare, mai rufin tana kai ta asibiti a kwance, ba a tsakiyar mutum biyu a kan babur ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. A bayan kowace kurkurar kaya ta Japan akwai wata 'yar takarda manne, da rubutunsu da lamba. Lambar 350 ce. Kilo 350 shi ne iyakar kayan da maƙeranta suka yarda ta ɗauka. Buhun gero ko na dawa kilo ɗari ne, ko kusa da haka. Ku yi lissafin da kanku. Buhu uku da rabi. Wannan ne lodin kurkura. Buhu uku da rabi, da direba, da mutum ɗaya a gefensa. Mai rufin kuma a can mutum huɗu doka ta yarda ta ɗauka. Yanzu ku tuna abin da kuke gani ranar kasuwar Goronyo ko ta Shinkafi. Buhu goma a ƙasa. Jarkoki a rataye. Akuya a ɗaure a gefe. Mutum biyar ko shida a saman buhunan, sun riƙe igiya. Yaron mota na lilo a baya da ƙafa ɗaya a kan bamba. Gindin motar ya zauna, gabanta ya ɗaga, tayoyin baya sun buɗe kamar za su fita. Motar da ya kamata ta yi tafiya da nauyin tan ɗaya da ɗoriya, ga ta tana jan tan biyu. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Zai tashi, don ba shi da bakin ƙi, amma ba zai kai shekarun jaki ba.

Bari in faɗa muku abin da ke faruwa a cikin ƙarfen, don ba a gani da ido. Da nauyi ya ninka, aikin birki ya ninka. Birkin kuwa ƙarami ne, don tayar ƙarama ce. A gangara sai ya yi zafi, ya saki. Direba ya taka, ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa. Gaban da ya ɗaga kuma ya rage wa tayoyin gaba riƙon ƙasa, sitiyari ya zama sako-sako. Kaya da mutane a sama sun mai da nauyin can bisa, ga motar siririya. Ɗan kwana kaɗan, ko rami ɗaya, sai ta kife. Kuloci na ƙonewa a duk tashi. Injin da ya kamata ya huta a giya ta huɗu yana kuka a ta biyu daga Tsamaye har Sabon Birni. A nan man da aka saye ta don tattalinsa yake tafiya. Makanike zai ce kawo a ƙara mata sifirin. To, an ƙara. Gindin ya daina zama. Amma sifirin bai ƙara wa birki girma ba. Bai ƙara wa taya kauri ba. Bai ƙara wa lagireto ruwa ba. Ɓoye ciwon kawai aka yi.

Yanzu bari mu saurari masu ja da wannan magana, don suna da hujja. Ƙorafi na farko shi ne, ai motar birni ce. An yi ta don kwaltar Tokyo, ba don yashin Gobir ba. Wannan kuskure ne, kuma ƙididdigar Japan ɗin ce ta nuna haka. Tokyo ce ta ƙarshe wajen mallakar irin waɗannan motoci, don can jirgin ƙasa ake hawa. Inda suka fi yawa yankunan karkara ne, irin su Nagano da Saga da Tottori, inda kusan kowane gida ke da ɗaya. Kurkurar kaya motar manomi ce a can. Sirantarta ce ke ba ta damar bin hanyoyin da ke tsakanin fadamun shinkafa. Da yawansu suna jan taya huɗu, wasu har da ƙaramar giyar fita daga laka. Ita ma Suzuki Jimny, wadda ake hawan duwatsu da ita, a cikin wannan rukuni aka haife ta a 1970. Ba kuma a ƙasar sanyi kaɗai suka yi aiki ba. Maruti 800 da ta ɗora Indiyawa a kan mota tun 1983, daga Suzuki Alto aka samo ta, aka ɗan ƙara mata inji. A Pakistan an shafe shekaru ana ƙera Carry da sunan Bolan da Ravi. Zafin Pakistan da ƙurarta ba su gaza namu ba. Amma zan yarda da rabin ƙorafin. Tayarta inci 12 ce, cikinta kusa da ƙasa yake. In manyan motoci sun haƙa hanya da damina, tsakiyar ta yi tudu, kurkura za ta zauna a kai. In gulbi ya kawo, ba ta da ta cewa. Sai dai ko a nan ƙa'idar ba ta canja ba. Mara nauyi tana bi ta saman yashi, musamman in an ɗan rage wa taya iska. In ma ta kafe, mutum huɗu sun tura ta. Wadda aka danne ita ce ke nutsewa har gindi.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi. Direba zai ce, da buhu uku da rabi zan biya mai, in biya 'yan kamasho, in ba mai mota balas, in ci abinci? Tambaya ce ta gaskiya, ba ta raini ba. Amsata ita ce, lissafin direba na yini ɗaya ne, lissafin mota kuwa na shekara ne. Ka rubuta abin da lodin buhu goma ya ba ka yau. Sannan ka rubuta kuloci, da taya biyu, da gaskit, da kwana biyar da motar ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi ba. In inji ya buga, ka rubuta kuɗin wani. Garin neman gira ake rasa ido. A gajeren zango, daga gona zuwa gari, sawu uku da kaya daidai sun fi sawu ɗaya da ta tafi tana nishi. Tana tafiya da sauri, tana shan mai kaɗan, tana dawowa da ƙafarta. Ba na ce kowa ya riƙa yawo da sikeli ba. Na san ba za a rasa ɗan ƙari ba. Amma tsakanin buhu huɗu da buhu goma akwai tazara mai nisa. Akwai kuma wasu da aka ƙera a Turai, irin Piaggio Porter ta Italiya, wadda jikin Hijet ne da ita amma injinta ya fi girma. Waɗannan iyakarsu ta ɗara 350. Sai dai su ma suna da iyakar, kuma a rubuce take.

Ƙorafi na uku shi ne mafi zafi, kuma ba zan yi kamar ban san shi ba. A ƙasarmu yau, kowane sawu kasada ne. Ba mu manta da Disambar 2021 ba, lokacin da aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa. Ba mu manta a shekarar ce gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa ba. Ba mu manta a hanya aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024 ba. Allah ya jiƙansu da rahama. Don haka in direba ya ce gara ya bi hanyar sau ɗaya da kaya mai yawa da ya bi ta sau uku, wa zai ce ba shi da hankali? In mota ɗaya ce za ta fita garin a yinin, wa zai ce wa tsohuwa ta sauka? Ba ni da amsar da za ta share wannan. Amma ga abin da nake so mu auna. A irin wannan hanya, babu abin tsoro kamar mota ta mutu a tsakiyar daji. Wace mota ce ke mutuwa a hanya? Wadda lagiretonta ya tafasa. Wadda sifirinta ya karye. Wadda tayarta ta fashe saboda nauyi. Wace ce ba ta iya juyawa da sauri in an hango abin da ba a so? Wadda aka danne. Babu kurkurar da za ta tsere wa babur a daji, kada wani ya ruɗe ku. Amma mara nauyi tana rage lokacin da kuke yi a wurin da ba a son daɗewa. Shi ya sa na ce gurbinta gajeren zango ne. Ta tattaro kaya daga gona da ƙauye zuwa gari. Doguwar tafiya zuwa Sakkwato ko Gusau aikin Kanta ne da tirela.

Wannan ya kawo mu kan ƙorafi na huɗu, wanda na yarda da shi ɗungurungum. A karo, ba ta da kariya. Tsakanin gwiwar direba da waje faranti ɗaya ne na ƙarfe. Tsofaffin da ke iso mana yawanci ba su da jakar iskar nan mai kare direba. A Japan tana zirga-zirga ne cikin 'yan uwanta, a hanyoyin da ba a gudu. A nan tana haɗa kwalta da tankar mai da tirelar shanu. Ko a can ɗin ma ba a rasa abin faɗa ba. A Disambar 2023 kamfanin Daihatsu, mai Hijet, ya dakatar da fitar da motocinsa bayan bincike ya gano an yi coge a gwaje-gwajen lafiyar mota. Ga kuma matsalar da ta zama tamu. Japan hannun hagu suke bi, sitiyarinsu a dama yake. Mu tun 1972 muka koma hannun dama, kuma doka ba ta yarda da sitiyarin dama ba. Don haka sai an juya shi. Da yawa ma a kwance ake zubo su cikin kwantena, a zo nan a harhaɗa. In gwani ya yi aikin, lafiya lau. In ɗan koyo ya yi, an yanka ƙarfen sitiyari an yi masa walda, an lanƙwasa bututun birki da hannu. Irin wannan ba gudu ya kamace ta ba. Duk wanda ya ce muku kurkura motar babbar hanya ce, bai so ku da alheri ba.

Saura samarinmu masu son a ƙara mata wuta. Sun ga bidiyo a waya, an sa turbo, an buɗe salansa, mota na tashi kamar kibiya. Ana iyawa, ba ƙarya ba ne. Injin yana da sauran ƙarfi a ɓoye, kun ji abin da Caterham suka yi da shi. Amma su a ƙasa mai sanyi suka yi, da tataccen mai, a motar da ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya. Mu a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Man jarka ba a san abin da aka gauraya masa ba. Turbo kuwa ƙarin zafi ne a kan zafi. In ana son ƙarin ƙarfi a Gobir, ba a turbo yake ba. Yana cikin matatar iska da aka kakkaɓe bayan kowace ƙurar hunturu. Yana cikin lagireton da aka wanke daga ƙaiƙayi da laka. Yana cikin baƙin mai da aka canja a kan kari, don ɗan injin nan mai kaɗan yake ɗauka, ga shi yana juyi da yawa, man na saurin gajiya. Yawancin kurkurar da ke tasharmu ba ta ba da ko ƙarfin da ta zo da shi. A fara dawo mata da nata tukuna. A can kuma duniya ba ta tsaya ba, don tun 2022 Nissan ta fito da Sakura, 'yar ƙarama mai aiki da lantarki. Ranar da irinta za ta iso nan, mu da rana ba ta yi mana rowa, wata magana ce ta daban.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ja, bari in yi magana da ku kai tsaye. Kai mai shirin saye, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka tafi da makanike wanda ka yarda da shi. Ku shiga ƙarƙashinta, ku duba inda aka juya sitiyari, ku bi bututun birki da ido. Ku ɗaga kujera ku kalli injin yana aiki. In da hali, ka nemi mai jan taya huɗu, kuma ka sa mata tayar kaya mai kauri, ba ta ƙaramar motar gida ba. Ku shugabannin tasha, ku ne kuke yanka lodi, direba ba ya tashi sai da izininku. Ku zauna ku tsayar da adadin buhun da kurkura za ta fita da shi, ku daidaita kuɗin buhu yadda direba ba zai cutu ba. Ku manoma masu ƙungiya, mutum biyar ko shida na iya haɗa kuɗi su mallaki ɗaya, ta riƙa fito musu da amfani bi da bi. Ku kuma iyayenmu mata da ke zuwa kasuwa, in kun ga gindin mota ya zauna tun ba ku hau ba, kuma akwai wata a baya, ku jira ta bayan. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.